Rabon Baƙo a Kulob ɗin Girkawa

Na taɓa yin shugaban kulob ɗin wasannin Girkawa shekara guda cur, ni da ban iya Girkanci ba sai gaisuwa ɗaya da zagi biyu. Duk wanda na ba wannan labari a gida sai ya yi dariya ya ce sanyin Amurka ne ya taɓa mini kai. To ga haƙorina na sama daga hagu, wanda ya fi 'yan'uwansa fari, shi ne shaidata.

A ƙarshen shekarun saba'in na sauka birnin Greensboro na Amurka karatu, na kama ɗaki a unguwar Glenwood tare da wani ɗan Kano mai tsabta da kaifin baki. Ran Asabar mu ɗaliban waje mukan taru mu buga ƙwallo a wani fili bayan unguwa, domin a lokacin in ka ce wa Ba'amurke ƙwallon ƙafa, wani abu yake ganewa da ake runguma a ƙirji a ruga da gudu. Ni ne gola, ba don iyawa ba, don tsawo ne da ƙyuyar gudu. Wata rana doguwar mota ta tsaya a bakin filin, wani gajeren tsoho ɗan Girka mai gashin baki ya fito da ƙyallen girki ɗaure a ƙugunsa. Ya tsaya kallo har muka tashi, sannan ya zo ya kama tafin hannuna ya jujjuya kamar mai taya akuya, ya tambaye ni ko na ci abinci. Ban ci ba. Ɗalibi ba ya cewa ya ci.

Ya kai ni gidan abincinsa da ke wani lungu kusa da Elm Street, matarsa ta jibge mini naman rago da shinkafa, ta rantse da idanun ɗanta cewa babu alade ko ɗigo a ciki. Tun ran nan nake ce masa Baba, ita kuma Mama, shi kuwa Farfesa yake kirana tun ban ci jarrabawar farko ba. Sai da na ƙoshi na kasa motsi ya buɗe wata ƙofa a bayan kicin ya nuna mini ɗakin kulob ɗinsu, ya ce golansu ya yi tumbi har ba ya iya sunkuyawa, gobe Lahadi kuma suna da wasa.

Tarihin kulob ɗin a bakin Baba yake, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne wannan: ya baro ƙauyensu na kan dutse bayan yaƙin da aka yi a ƙasarsu, ya zo ya yi wankin kwanuka a gidan abincin wani ɗan garinsu, sai ya lura duk Girkawan garin masu gidajen abinci ne ko masu yi musu aiki, ba sa ganin juna sai a coci da wurin jana'iza. Ya sayi ƙwallo ya tara su. Da aka zo sa wa ƙungiya suna, aka ce kunya ce a ce jikokin waɗanda suka ƙirƙiro wa duniya wasanni sun tsaya a ƙwallo kaɗai. Nan take aka buɗe sashen kokawa, da na ninƙaya, da na tsere, da na ƙwallon kwando, da na jifan faifan ƙarfe, da na wata irin dara da suke yi da ƙwayar ludo. Kowane sashe da shugabansa da mataimaki da sakatare.

Lokacin da na iso, sashen kokawa mutum biyu ne, surukan juna, kuma sun daina magana, saboda haka ba a iya haɗa su wasa. Shugaban ninƙaya mutumin tsibiri ne, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ya ce mutanen teku na ainihi ba sa koyon iyo, girmama ruwa suke yi. Faifan ƙarfen guda ɗaya ne, an yo odarsa tun daga ƙasarsu, an jefa shi sau ɗaya ya fasa gilashin motar limamin coci, daga nan aka mai da shi abin tokare ƙofa. 'Yan dara ne kaɗai ba su taɓa fashin atisaye ba. Amma ranar taro kowa zai zo da kwat da 'yar alamar sashensa a ƙirji, a tafka muhawara kan makomar ninƙaya har kofi ya huce a sake dafa wani.

Dokarsu ta ce sai ɗan Girka ne zai zama ɗan ƙungiya. Aka yi zama a kaina, ina tsakiya ina cin burodi, ba na jin ko kalma. Daga baya Baba ya yi mini fassara: an amince ni baƙon kulob ne, baƙo yana iya tsare raga, yana iya cin abinci, amma ba ya ɗaga hannu a taro. Na ce wannan shi ne matsayin da na fi so a duniya.

Abokan karawarmu ma'aikatan masaƙu ne 'yan ƙasashe daban-daban, da ɗalibai Larabawa, da wasu Turawan Ingila masu shan giya a hutun rabin lokaci. Mun fi shan kashi, amma ban taɓa jin mun yi rashin nasara a bakin Baba ba. Ko alƙalin wasa ne, ko iska, ko ciyawar Amurka da ba ta san ƙwallo ba. Yakan zauna a bakin layi kan kujera mai naɗewa, da wata a gefensa ta ɗansa. Ɗan nan shi kaɗai Allah ya ba su. A shekarun farko nakan gan shi a kanta jefi-jefi yana karanta littafin makaranta. Daga baya ya gama, ya zama likitan haƙori, ya auri Ba'amurkiya, ya sayi gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ya koma bin ƙaramar farar ƙwallo da sanda tare da alƙalai da masu banki. Kujerar dai ba a daina kawo ta ba.

Yanzu ga yadda ake samun shugaba. A da zaɓe suke yi, kuma kowane zaɓe da jifa da kujeru yake ƙarewa, domin 'yan dutse ba sa yarda da 'yan tsibiri, masu son sarkin ƙasarsu ba sa yarda da masu ƙinsa, alhali sarkin bai san da zamansu ba. Sai Baba ya ce a bar wa Allah zaɓi. Girkawa suna da al'ada, in sabuwar shekara ta shigo a toya babban kek a ɓoye kwabo a ciki, a yanka a raba, wanda ya tsinci kwabon a rabonsa shi ne mai sa'ar shekarar. Kulob ya mai da wannan dokarsa: mai kwabo shi ne shugaba. Mama ce ke toyawa, Baba ne ke yankawa yana kiran mai kowane yanki. Na farko na Ubangiji ne, na biyu na waliyyinsu, sai na kulob, sai na matalauta, sai rabon baƙo, daga nan a bi 'yan ƙungiya.

Ikon Allah, kowace shekara Baba kwabon yake faɗa wa. Zai dafe ƙirji ya dubi sama ya ce shi bai nema ba. Shekarata ta biyu na gano sirrin da kowa ya riga ya sani: Mama takan soka ƙwayar kanumfari guda a bakin kek ɗin daidai inda kwabon yake, in Baba ya iso yankin nan sai ya kira sunan kansa. An ce wata shekara mura ta kama ta ta manta, kwabon ya faɗa a rabon waliyyi, taro ya yanke cewa Baba zai riƙe masa muƙamin. Ba wanda ya taɓa ƙorafi, domin shugaba shi ne mai wanke jesi, shi ne mai yanke ciyawa, shi ne mai zana layin fili da farar ƙasa da sassafe, shi ne mai tuƙa 'yar bas ɗin kulob da ba ta tashi sai an tura. Kowa yana son muƙami mai alama a ƙirji, ba mai son bokitin farar ƙasa.

Haka muka yi ta tafiya har cikin shekarun tamanin. 'Yan wasa suka tsufa, 'ya'yansu in an yi musu Girkanci su amsa da Turanci, ƙwallon kwando suke yi a makaranta, ba sa ko leƙo sashen kwandon ubanninsu. Sannan zuciyar Baba ta yi masa gargaɗi, ya kwanta asibiti, ya fito hannunsa na rawa. Layin da yake zanawa ya koma kamar sawun maciji. Ana gab da sabuwar shekara na je cin abinci, ya ja ni kicin ya rufe ƙofa.

"Farfesa," ya ce, "bana ina jin Allah ya canza shawara."

"Wa ya zaɓa, Baba?"

"Likita." Haka yake kiran ɗansa, da alfahari da ɗan haushi. "In na roƙe shi zai ce ba shi da lokaci. In na umarce shi zai ce nan Amurka ce. Amma in kwabo ya faɗo masa a gaban jama'a, a gaban uwarsa, ba zai iya tofar da shi ba. Shekara ɗaya kawai nake so ya yi. Wanda ya zana layin nan shekara ɗaya ba ya iya barinsa. In bai karɓa ba, ran da na mutu za su sayar da bas ɗin su zauna su yi ta dara."

Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na san Likita ba yaro ba ne.

Ranar ta zo, Lahadi da rana bayan sun taso daga coci, ana sanyi mai shiga ƙashi. Kwanaki kaɗan kafin nan sojoji sun sake karɓe mulki a gida, abokin zamana ya wuni manne da rediyo, ni kuwa na sa kwat ɗina ɗaya tilo na tafi. An cika ɗakin, har da mata da jikoki. Likita ya zo da matarsa, uwarsa ta ce ya ɗauko kek daga kicin. Ni kuma an aike ni ɗauko ƙarin kujeru, sai na iske shi a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin taro, ya ajiye farantin a kan firiza. Da idona na ga ya zare kanumfarin da yatsu biyu, a hankali kamar yana aiki a bakin mutum, ya soka shi a wani gefen, ya share gurbin da garin sukari. Ya ɗago muka haɗa ido. Na ɗauki kujeruna na wuce. Baƙo ba ya ɗaga hannu.

Baba ya ɗauki wuƙa ya yi addu'arsu. Ya fitar da na Ubangiji, da na waliyyi, da na kulob, da na matalauta, ya miƙo mini nawa. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, da ya iso yankin kanumfari ya gyara murya ya kira ɗansa, har ya kasa ɓoye murmushi. Aka ce bismillah irin tasu, kowa ya kai baki. Mama ta daina sa giya a kek ɗin tun shekarar da na zo, ruwan lemo take sawa, saboda haka na gatsa da zuciya ɗaya. Na ji ƙas a cikin kaina.

Wani ɓangare na haƙorina ya tafi, kuma ga abu mai sanyi a kan harshena. Na tura shi cikin kumatu na yi tsit. Na fara lissafin haɗiye shi, sai na tuna faɗinsa, tsohon kwabon ƙasarsu ne mai kauri, na ga in na yi haka labarin zai ƙare a asibiti a gaban ɗan jarida. Likita kuwa yana cin nasa da cokali mai yatsu, a natse, har ya cinye ya goge baki. Baba yana kallon farantinsa. Ya dubi farantin, ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa, murmushin ya bushe a fuskarsa.

Kowa ya gama, ba kwabo. Ɗaki ya kaure. Aka farfashe rabon waliyyi da na matalauta, babu. Shugaban ninƙaya ya ce 'yan dutse ne suka sace. Surukan nan biyu na sashen kokawa suka yi wa juna magana karo na farko cikin shekaru, kowa na cewa ɗayan ya haɗiye. Wani ya kawo shawara a kafa kwamiti. Ni ina zaune kumatu a kumbure, gumi na keto mini cikin sanyin nan. Mama ta ratso mutane ta tsaya a gabana ta tara hannu kamar yadda ake yi wa yaron da ya sa dutse a baki.

"Tofo, ɗana," ta ce.

Na tofo.

Sai ga kwabo a tafin hannunta. Aka shiga muhawara, rabi da Girkanci rabi da Turanci don in ji. Wasu suka ce doka ta hana baƙo ɗaga hannu. Wasu suka ce ai bai ɗaga hannu ba, baki ya buɗe. Wani ya ce Musulmi ne, wani ya ce to waliyyi ma da ya ci ba ya zuwa taro. Sakataren tsere ya ce a sake toya wani kek. Na miƙe zan ce na yafe, Baba ya buga wuƙa a tebur.

"Shekara da shekaru Allah yana zaɓena," ya ce, "ba wanda ya ce a sake toyawa, kuma duk kun san kanumfarin wa ke taimaka masa. Yau da ya yi zaɓin da kansa ba mu sa masa hannu ba, shi ne za ku ƙi? Wanda bai yarda ba, ga bokiti can, ya ɗauka."

Aka dubi bokitin farar ƙasa a kusurwa. Nan take aka amince da ni baki ɗaya, har da tafi. Baba ya zaro makullan bas da na ɗaki ya danƙa mini, bai ko kalli inda ɗansa yake ba. Likita ya zo ya ɗaga leɓena da babban yatsa ya duba, ya ce in same shi gobe a asibitinsa.

Da na koma Glenwood da buhun jesi masu wari a kafaɗa, abokin zamana ya kashe rediyo ya saurare ni har ƙarshe. "Malam, congratulations," ya ce. "A gida sai an fito da tankar yaƙi ake take over, kai da haƙori ɗaya ka yi naka. Amma Your Excellency, wannan laundry ɗin ba zai kwana a ɗakin nan ba."

Washegari na kwanta a kujerar Likita, ya cika mini baki da auduga da ƙarafa, sannan ya fara magana, don ya san ba ni da bakin amsawa. Ya ce tun yana ɗan ƙarami shi ke riƙe wa uwarsa kek tana soka kanumfarin. Ya ce duk Lahadin yarantarsa a filin nan ta ƙare, yana bin ubansa da bokiti, hannunsa na tsagewa saboda farar ƙasa. Ya ce ya yi ƙwallon kwando a makaranta har ya zama kyaftin, ubansa bai taɓa zuwa kallo ba ko sau ɗaya, wai wannan ba na kulob ba ne. "Ina son mahaifina," ya ce. "Amma na ba shi yarantata, ba zan ƙara masa da ta 'ya'yana ba." Na so in ce masa shekara ɗaya kawai tsohon yake roƙo, na so kuma in ce masa yana da gaskiya. Abin da ya fito daga bakina gurnani ne, ya ce in kurkure.

Lahadi ta farko ta mulkina na je fili da sassafe na zana layi, ya fi na Baba karkacewa. Ya iso a motarsa, ya bi layin da kallo bai kushe shi ba, abin da ya nuna mini lallai ba shi da lafiya. Ya ce in buɗe baki ya ga aikin. Ya daɗe yana duban haƙorin.

"Hannunsa yana da kyau," ya ce. "Ka ga ko gurbin kanumfarin bai bari ba. Me ya ce maka?"

"Ya tambayi yadda 'yan wasa suke, Baba."

"Ƙarya kake yi, Shugaba." Ya dafa kafaɗata ya juya wajen bas. "Sauko da kujerun."

Na sauko da ɗaya na buɗe masa. Ya tsaya bai zauna ba, yana kallona, har na koma na ɗauko ta biyun na kafa a gefensa. Iska na kaɗawa ran nan, kujerar da ba kowa a kai ta yi ta kifewa, ina cikin raga ina ganinsa yana sunkuyawa da ƙyar yana tayar da ita. Mako na gaba na ɗauko faifan ƙarfen nan daga bakin ƙofar kulob na ɗora a kanta. Shugaban sashen jifa ya kai ƙarata gaban taro, wai na taɓa kayan sashensa ba izini, na yi amfani da ikona na kori ƙarar. Har na sauka daga mulki, duk Lahadi kujera biyu nake kafawa, Baba a ɗaya, faifan a ɗaya, kuma in mota ta rage gudu a bakin titi sai ya bar kallon wasan ya waiwaya.